Mota mai kujera biyu a gidan mutum takwas

Asabar, 5 ga Oktoba 2024

Yau na faɗa wa uwargida. Na bari sai da aka ci tuwon dare, yara suka watse, sannan na ce mata a cikin kuɗin filin da na sayar a hanyar Filinge na ware sefa miliyan 5, mota zan saya. Ta ce alhamdu lillahi, dama Corolla ta gaji. Na ce a'a, Corolla tana nan daram, wannan ƙarama ce, kujera biyu, rufinta naɗe shi ake yi a baya. Ta yi shiru, ta shiga ƙirga mu da yatsu: ni, ita, yara biyar, da ƙanwarta da ke karatu a jami'a.

"Baban yara, mu takwas ne. Sawu nawa za ka yi da mu in za mu gidan suna?"

Gaskiyarta. A Yamai mota ba ta mai ita ba ce shi kaɗai. Ita ke kai matar maƙwabci asibiti da tsakar dare, ita ke rakiyar gawa zuwa maƙabartar Yantala, ita ke ɗauko baƙin ƙauye daga tasha da buhunansu. Wanda ya sayi mai kujera biyu, ko ba a faɗa masa a ido ba, motar marowaci ya saya.

Sai dai abin ya daɗe a raina. Ina yaro a Tahoua, cikin shekarun 1980, Turawa kan gangaro daga Tamanraset ta Asamaka da Arlit da Agadas da tsofaffin Peugeot 504, su sayar, su koma gida a jirgi. Wata rana a cikin ayarinsu na ga wata ƴar jar mota ba rufi, ta yi buɗu-buɗu da ƙura, mutum biyu a ciki sun naɗa rawani irin na Buzaye. Muka bi ta da gudu har bakin gari. Shekara 40 ke nan, na yi aure, na yi furfura, motar nan ta ƙi fita raina. Zan riƙa rubuta yadda ake ciki, ko don in san inda kuɗina ya bi.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Kafin dillali, makanike. Na sami maigarejina a bayan kasuwar Katako, wanda ya shekara 12 yana riƙe mini Corolla, na nuna masa hotuna a waya muna shan shayi. Sharaɗinsa ɗaya ne: "Alhaji, kada ka kawo mini motar da zan buɗe in tsaya ina kallo kamar baƙauye a gaban jirgi."

Porsche Boxster ya ture ta tun ban gama faɗin sunan ba. Injinta a ɓoye yake a tsakiya, bayan kujeru, kuma kuɗin gyara ɗaya ya isa aurar da ɗiya. BMW Z3, wadda aka ƙera a Amurka daga 1995 zuwa 2002, ya ce injinta ba baƙo ba ne, ya taɓa irinsa a wasu BMW, amma tagar bayanta roba ce, kuma ya san abin da ranar watan Afrilu ke yi wa roba. Mercedes SLK ta burge shi, don rufinta ƙarfe ne, ɓarawo ba zai yanka da reza ba.

Wadda ta sa ya ajiye kofi ita ce ƙaramar Toyota MR2 ta 2000 zuwa sama. Injinta mai lita 1.8 dangin na Corolla da Avensis ne, abin da kowane yaron gareji a garin nan ya sani kamar yunwar cikinsa. A Faransa ma MR kawai suke ce mata, sun yar da 2 ɗin, don in ka haɗa sunan ka furta da Faransanci zagi yake fitowa. Illarta, injin a baya yake, radiyata a gaba, ruwa sai ya yi doguwar tafiya cikin bututu, kuma ba ta da wurin kaya ko na buhun shinkafa.

Ta ƙarshe Mazda MX-5. An fara nuna ta a Chicago a 1989, a 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya, babu mota mai kujera biyu mai buɗe rufi da aka sayar kamarta a duniya. Inji a gaba, tayoyin baya ke turawa, rufin tamfol da ake ja da hannu. Ya ce, "Wannan 323 ce ta sa kayan sallah." Ya yi gyaran Mazda 323 da yawa a da.

Muka rabu a kan Toyota ko Mazda. Ni dai a zuciyata Mercedes nake so.

Asabar, 26 ga Oktoba

Wani dillali ya kira ni, akwai SLK 230 ta 1999 a wani fakin motoci a hanyar filin jirgi. Azurfa, kujerun fata, ta sha wanki har tana ɗaukar ido. Na tuƙa ta zuwa shataletale na dawo, tana da ƙarfi, ba ƙarya. Sai na ce a buɗe rufin in gani.

Rufin nan abin kallo ne in yana aiki. Ka danna maɓalli, but ya buɗe ta baya, rufi ya karye biyu ya shige, cikin kamar daƙiƙa 25. Famfo ne ke tura mai cikin ƙananan silinda, su kuma su ɗaga ƙarfen. Yau ya taso, ya kai rabi, ya tsaya cak, kamar raƙumi ya fara durƙusawa ya fasa. Mai ya ɗigo daga saman gilashi a kan hulata. Dillali ya ce, "Ƙaramin abu ne, Alhaji, fis ne." Fis ba ya zubar da mai. Robobin da ke riƙe man ne suka bushe, kuma mota mai shekara 25 da ta kwana a rana ba a ga laifinta ba. Amma yara huɗu suka taru suna lallaɓa rufin ya koma, ni kuma ina hango kaina haka a kan gadar Kennedy ga hadari ya taso daga gabas.

Miliyan 4 da rabi yake nema. Ban ko taya ba. Son Mercedes ya fita raina, hula kuma tana wurin wanki.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ƙanena da ke Beljiyam ya shiga maganar da ƙarfinsa. Ya je unguwar Heyvaert a Brussels, inda ake tara tsofaffin motoci masu zuwa Afirka ta tashar Anvers, ya kuma duba na masu sayarwa a gida. Ya turo mini MX-5 uku a WhatsApp. Mai arahar Yuro 2,500, wato wajen miliyan 1 da jaka 640 a kuɗinmu (jaka ɗaya sefa dubu ce). "Yaya, ka ce in biya kawai."

Na ce ya durƙusa ya ɗauko mini hoton ƙarƙashinta, daidai gaban tayar baya. Da hoton ya zo, sai ga fenti ya kumbura kamar ƙuraje. Ya danna da makulli, makullin ya shige. Can ƙasashen sanyi gishiri suke watsawa a titi don narkar da ƙanƙara, gishirin ya bi ruwa ya maƙale a lungunan ƙarfe, tsatsa ta ci daga ciki. Motar da aka cire wa rufi kuwa ƙarfinta duka a wannan dogarin na ƙasa yake. In ya ruɓe, ba abin da ya rage sai fenti.

Kuma cikin ukun babu mai kilim, wato na'urar sanyaya iska, ko ɗaya. Bature na ganin wanda ya buɗe rufi me zai yi da kilim. Bai san cewa a nan, daga Maris zuwa Mayu, zafi na haura digiri 40, rufin a rufe zai wuni, tamfol baƙi a kan kanka kamar murfin tukunya.

Ga hanya. Da, mota ta sauka Kwatano, ta hau zuwa Malanbil, ta ƙetare gada ta shigo Gaya. Tun bayan 26 ga Yuli 2023 gadar nan a rufe take, kaya sun koma Lome, su ratsa Burkina ta Kaya da Dori zuwa Tera, cikin ayari da rakiyar soja, a jira sati da sati. Motar da cikinta ke kusa da ƙasa haka ba za a tuƙo ta ba, sai a ɗora ta a kan babbar mota. Na haɗa jirgin ruwa, dako, duwan (kuɗin kwastan), ladan taranzita (mai fito da kaya daga kwastan), sai na ga arahar ta gudu. Na ce wa ƙanena ya bari. Ba na cinikin biri a sama.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Ba labari. An ce akwai MR2 a hannun wani a Harobanda, na ƙetare kogi, na tarar sitiyarinta a dama yake, ta Ingila ce. A hanyar Doso, in za ka wuce tirela da irin wannan, sai na kusa da kai ya leƙa maka. Na gode masa na dawo. A fada an fara ce mini "Alhaji Dekapotabil", wato mota mai buɗe rufi da Faransanci.

Asabar, 7 ga Disamba

Maigadin ofishinmu ne ya kawo ta, ba dillali ba. Ya ce ɗan garinsu na gadin wani gida a Plateau, akwai wata ƴar mota a ƙarƙashin dogon yaro an lulluɓe ta, shekara guda ba ta motsa ba. Ta wani Bature ce ma'aikacin wata ƙungiyar agaji, ya tafi a ƙarshen 2023 lokacin da da yawansu suka tattara, ya bar wa mai gidan hayar takardar wakilci ya sayar.

Muka yaye tamfol ɗin. MX-5 ce ta 2001, zubi na biyu, mai fitilu a tsaye, ba masu buɗe ido irin na farko ba. Koriya mai duhu. Inji lita 1.6, ƙarfin doki 110, giya biyar ta hannu. Na leƙa ciki ina addu'a, sai ga maɓallin kilim. Agogon ya nuna kilomita 131,000. Tayoyi sun kwanta, kashin tsuntsu ko'ina, ƙadangare ya fito daga ƙarƙashin kujera ya gaishe ni.

Na daure fuska na ce wa maigadi tsohuwa ce ƙwarai. Da na koma Corolla hannuna na rawa.

Laraba, 11 ga Disamba

Wunin yau duka a kanta. Maigareji ya zo da yara biyu, batir, jarkar isansi (fetur), jak da fitila. Ya hana a tayar da ita sai da ya zuƙe tsohon man da ke tanki, wanda ya koma ja yana warin fenti. Batirinta a but yake, ba a gaba ba, yaran suka yi ta nema. A cikin akwatin iska zanzaro ya yi gini, ɓera kuma ya ci wayar fitila ɗaya. Ya cire buji huɗun, ya ɗiga mai a kowane rami, ya juya injin da hannu, sannan ya ce bismilla. A bugu na uku ta tashi. Ta yi ƙaf-ƙaf-ƙaf na ƴan mintoci, da mai ya zagaya ta yi shiru.

Sannan aka shiga binciken gaske. Ya auna matsin kowace silinda, duka huɗun sun zo kusa da juna, abin da yake nema ke nan. Ya buɗe murfin mai, babu farin kumfa da ke nuna ruwa ya haɗu da mai. Ya nuna mini kan radiyata: roba ce da aka yi baƙa, yanzu ta koma ruwan ƙasa. "In ta yi wannan launi, Alhaji, kwananta ya ƙare. Ranar da za ta fashe ba za ta yi sallama ba."

Ni kuma na zo da maganaɗisun lasifika a aljihu, na naɗe shi a ƙyalle, na bi jikinta da shi. Inda aka cike rami da ƙullun gyara ba ya kamawa. Ya kama ko'ina sai wani wuri kamar tafin hannu a ƙofar dama. Bone, murfin inji, bai kama ba, na tsorata, maigareji ya yi dariya ya ce na alminiyam ne tun daga masana'anta. Muka ɗaga ta, na kwanta a tabarma da fitila. Dogarin ƙasa lafiya, ƙarafan gaba da ke riƙe inji lafiya, jan tsatsa sama-sama kawai. Takardunta sun nuna daga kudancin Faransa ta zo, kuma ta daɗe a nan. Busasshiyar iskarmu da ke fasa leɓe ita ta tsare ta.

Abin da ya ɓata mini rai yana bayan kujeru. Ruwan da ya sauka a rufin tamfol yana bi ta wasu ƙananan magudanai biyu ya fita ta ƙasa. Ganyen dogon yaro da rairayi sun toshe su, ga damanar bana da ta yi ɓarna a ƙasa duka. Kafet ya jiƙe ya bushe ya jiƙe, yana warin rumfar kifi. Muka zura waya muka buɗe, laka ta zubo. Ƙarfen bai ruɓe ba, amma da ta ƙara damana ɗaya a nan, da wani zance ake yi. Tamfol ɗin kansa ya tsage a kusurwa biyu. To, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Na sa mita na auna tsakanin cikinta da ƙasa: santimita 13 da ɗan kai. Na tuna tudun rage gudu da ke ƙofar makarantar unguwarmu, da rairayin lungunmu a Bukoki. Maigareji ya ce a karkace zan riƙa hawa, taya ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ciwon baya.

Lambar shasi ta fara da JMZ, ta dace da ta takarda harafi da harafi. Na karanta sau biyu.

Juma'a, 20 ga Disamba

Mai gidan hayar dattijo ne, tsohon ma'aikacin gwamnati, ba ya gaggawa. Bayan sallar Juma'a muka zauna a barandarsa. Ya ce miliyan 4 da rabi. Na ce, "Baba, lambarta IT ce, ta shigo ba a biya mata duwan ba, ni zan biya. Ga radiyata, ga taya huɗu, ga rufi." Na taya miliyan 2 da jaka 800. Ya ce albarka. Ya kira Baturen a waya, suka yi ta Faransanci, ina jin muryarsa yana tambaya ko mai sayen zai kula da ita. Na karɓi wayar na gaya masa zancen magudanan ruwa. Ya yi shiru, ya ce ya manta bai gaya wa maigadi ba.

An sallama a miliyan 3 da jaka 200. Na ba da jaka 500 kafin alƙalami, sauran sai taranzita ya tabbatar takardar wakilcin za ta wuce. Masu gadi biyu na ba su la'adarsu, jaka 25 kowanne, sun fi dillalin hanyar filin jirgi cancanta.

Talata, 14 ga Janairu 2025

Takardu. Sati uku ina yawo da jakar leda. An ƙiyasta darajarta, an yanka kuɗin duwan, na biya jaka 870 har da ladan taranzita. A wani ofishi an maido ni sau biyu saboda hatimin da ke kan takardar wakilci bai fito sosai ba, sai da Baturen ya sake aiko wata. Wani ma'aikaci ya dubi wurin da aka rubuta yawan kujeru, ya ɗago kai: "Biyu? Alhaji, ba ka da iyali ne?" Kart giriz, takardar rajistar mota, ta fito da sunana jiya. Asiransi na wata shida, binciken lafiyar mota sai an gama gyara.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Tana gareji kwana 16. An sa sabuwar radiyata da bututunta, famfon ruwa, da bel ɗin da ke haɗa sama da ƙasan inji, don ba wanda ya san yaushe aka canza shi. Waɗannan ƙanena ya sayo, wani ɗan kasuwa ya zo da su a jakarsa ta jirgi. Matatar mai da buji a Katako aka samu, irin na 323, suka hau ba gardama. Ƙaramar silindar kuloci tana tsiyaya, an canza. Kilim an cika masa iska, yana sanyi, za mu ga gaskiyarsa a Afrilu.

A kan taya muka yi musu. Yaran gareji na so in sa manyan ƙafafu masu siririyar roba, wai ta fi kyau. Na ƙi. Na bar ta a 185/60 R14, mai kauri, don ramukan bayan damana ba su san kyau ba. Na kuma koyi karanta lambobi huɗun da ke gefen taya, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara. Tsofaffin 2316 ne a jikinsu, wato tun 2016. Mai taya ya so ya haɗa ni da wasu "sababbi" na 2019, na nuna masa lambar, ya shiga ciki ya fito da wasu.

Lissafi zuwa yau: saye miliyan 3 da jaka 200, duwan jaka 870, la'ada jaka 50, takardu da asiransi jaka 140, gyara da taya jaka 610. Jimla miliyan 4 da jaka 870. Saura jaka 130 cikin miliyan 5, kuma ba a taɓa rufi ba. Abu ɗaya da ya zo da sauƙi, tun Yulin bara litar isansi ta sauko daga 540 zuwa 499, tankinta mai lita 50 ya cika da jaka 25 har da canji.

Gilashin bayanta yana da wayoyin narkar da ƙanƙara, suna aiki sarai. Na ce wa maigareji ya bar su, wata rana ko a yi a Yamai.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Bayan la'asar na fito da ita. Maƙullai biyu a saman gilashi, ka ɓalle, ka tura rufin baya da hannu ɗaya kana zaune. Yaran unguwa suka yi layi. Uwargida ta fito ƙofar gida ta tsaya da hannu a ƙugu, ta daɗe tana kallo, sannan ta koma ciki. Na ɗauka shi ke nan. Sai ga ta da mayafi mai kauri ta ɗaure shi tam a haɓa.

"In ya tashi, kai za ka sauka ka ɗauko."

Muka bi bakin kogi ta Yantala, muka hau gadar Kennedy, muka dawo ta gada ta biyu. Ba ta da gudun a-zo-a-gani, wata Hilux ta wuce mu ba ta ko lura ba. Amma nauyinta tan ɗaya ne da kaɗan, kana zaune kusa da ƙasa, kan sitiyari ya motsa ta riga ta juya, giya na shiga ƙwas-ƙwas kamar kunamar bindiga. A kilomita 60 ji nake kamar 100. Ana jin ƙamshin masu gasa nama, ana jin gaisuwar ƴan kabu-kabu a danja. Ƙurar hunturu kuwa mun sha ta, gashin girarmu ya yi fari. A tudun makaranta na manta ban karkace ba, cikinta ya daki siminti, uwargida ta yi salati. Na duba, ba abin da ya fashe, amma gobe mai walda zai auna mata farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji.

Da dare na kira Inna a Tahoua na gaya mata. Ta yi addu'a, Allah ya tsare hanya, sannan ta ce in zan zo da ita ƙaramar sallah in taho mata da buhun shinkafa biyu da jikokinta. Na ce to, Inna. Kilomita 550 ne ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, kuma but ɗin ko buhu ɗaya sai an lallaɓa.

Mai ɗinkin kujerun mota ya zo ya ga tamfol. Ya ce faci jaka 40, amma ba ya rantsuwa zai kai ƙarshen damana. Sabo daga waje ya fi abin da ya rage mini. Ina da zuwa watan Yuni in yanke shawara. Ranar Alhamis binciken lafiyar mota.